Tabon kurkum a bayan kati huɗu

Jikata ta ci kofi! Ketaki ce, 'yar ɗana na biyu, mai shekara goma sha shida. Ita ta zo ta ɗaya cikin mutum ɗari da ashirin da wani abu a gasar kati ta birnin Mumbai gaba ɗaya, kuma a watan Janairu za a sa ta a jirgin sama zuwa Bangkok ta wakilci garinmu. A zuri'armu kaf ba wanda ya taɓa shiga jirgin sama. Na raba alawar madara a hawa huɗu na gidan hayarmu, har mai gugar da ke bakin ƙofa sai da ya samu biyu.

Vasudha-tai, 'yar'uwa, ki gafarce ni, na faɗo miki ba ko gaisuwa. Ina gaishe ki da kyau, ke da duk masu karanta wannan fili naki na ba da shawara. Ki taimake ni, domin murnar nan akwai ƙaya a cikinta, kuma ƙayar a maƙogwarona ta tsaya, ba na iya haɗiye ta, ba na iya tofar da ita.

Ni tsohon masaƙi ne a unguwar Lalbaug, shekarata saba'in da uku. Na tsaya gaban injin saƙa tun ina ɗan sha shida har ranar da aka rufe masaƙar. Ban san baƙi ba sai da na kai talatin da huɗu, lokacin da na shiga ajin yamma na manya, saboda haka in kin ga rubutuna yana tafiya yana dawowa, ki yi haƙuri da shi.

Ga waɗanda za su ce na bar yarinya tana caca, ba caca ba ce. Kowane mai wasa yana da katinsa sittin da ya zaɓa da kansa, masu hotunan mayaƙa da dodanni, mutum biyu su zauna su kara da juna da dabara. Kowane kati ana sa shi cikin 'yar rigar leda, kuma dole bayan rigunan ya zama iri ɗaya sak, don kada mai wasa ya gane katin da ke sama kafin ya ja shi. Wannan doka ta ƙarshe ban san da ita ba a da. Da na sani, da ba na rubuto miki yau.

Ranar Dasara, bikin da muke sa wa kayan aiki albarka, na yi abin da nake yi kowace shekara. Na fito da keken ɗinkin matata Sulabha, da tsohon almakashina na masaƙa, da littattafan yara, na ɗiga musu kurkum da jan gari, na ɗora musu fure. Sai idona ya faɗa kan akwatin katin Ketaki. Na ce a raina, ai wannan ma kayan aiki ne, ga gasa saura kwana uku. Na buɗe, na taɓa katin da ke sama da yatsana mai kurkum, na rufe. Ban gaya mata ba.

Ranar Lahadi na raka ta zauren da ake yin gasar a Dadar. A zagaye na biyu alƙalan wasa suka zo teburinta suka karɓi katinta don dubawa, kamar yadda suke yi wa wasu a kowane zagaye. Suka ga ɗigon rawaya a kusurwar riga ɗaya. Daga can ƙarshen zauren na ga ta juyo ta nemo ni da ido, ta san aikin wa ne. Babban alƙalin, wani matashi mai suna Dinshaw, ya juya katin ya ga ba wani mai ƙarfi ba ne, ya rubuta mata gargaɗi a takarda, ya sa ta canza rigunan duka sittin, aka ci gaba. Lokacin hutun cin abinci ta zo ta kama yatsana ta murɗa.

“Ajoba, kakana, kai da wannan yatsan naka! Ka kusa sa a kore ni. In ka ƙara taɓa akwatina, tabaranka zan ɓoye na mako guda, mu ga wa zai karanta maka jarida.”

Muka yi dariya, na saya mata burodi da soyayyen dankali. Ni dai na ɗauka magana ta wuce.

Ta yi ta ci har ta kai wasan ƙarshe. Abokin karawarta wani yaro ne mai suna Tanmay Parab, daga Vikhroli, zai yi shekara sha tara. Sau uku ake bugawa, wanda ya ci biyu ya ɗauki kofi. Ta ci na farko, ya ci na biyu. Aka shiga na uku, ni kuma ina tsaye bayan igiyar da aka ja wa 'yan kallo. Tai, idon masaƙi ba ya tsufa. Shekara da shekaru aikina shi ne in hango zare ɗaya da ya kauce a cikin yadi yana gudu. Na hango ɗigon rawaya a kusurwar rigar katin yaron. Da ya sake cuɗa katin, na hango wani. Kuma a daidai lokacin Ketaki ta fara jan kunnenta na hagu, abin da take yi tun tana ƙarama in abu ya tsaya mata.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba, ko Sulabha. Na zagaya a hankali na je wurin wata alƙaliya da ke tsaye gefe, na raɗa mata cewa a duba bayan katin yaron can. Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ban ce mata kurkum ne ba, alhali kuwa a duk zauren nan ba wanda ya fi ni sanin mene ne wannan rawayar da kuma yadda ta hau kan katin. Na koma wurina na tsaya kamar ba ni ba.

Aka tsayar da wasa. Da aka baje katin yaron, huɗu ne ke da tabo, kuma su ne huɗun da suka fi ƙarfi, masu ƙyalli, waɗanda duk dabararsa a kansu take. Dinshaw ya ja shi gefe sun fi minti ashirin. Da suka dawo, aka sanar an kore shi daga gasar saboda maguɗi, Ketaki ta ci. Yaron yana kuka yana cewa mahaifiyarsa ce ta sa musu albarka ranar Dasara, shi bai ma lura ba. Na ji Dinshaw da kunnena yana ce masa:

“Tanmay, na san Dasara. Babur ɗina yana waje yanzu haka da furensa a wuya. Amma tabon da ke kan babur ba ya gaya mini katin da zan ja.”

To, abin bai tsaya nan ba. An ce kwamitin gasar zai zauna nan da mako biyu ya duba ko za a hana yaron wasa shekara guda cur, a kuma sa sunansa cikin jerin masu maguɗi inda kowa zai gani. Ranar Laraba sai ga mahaifinsa a ƙofar ɗakina, da kwalin alawa a hannu ɗaya, takarda a ɗayan. Direban motar haya ne, mutum mai sanyin murya. Ya taɓa ƙafata don girmamawa ya ce:

“Ajoba, ni da kai duk mun san abin da ke kan katin nan. An ce na jikarka ma an gani, aka ce ta canza riga kawai. Nawa kuma an kira shi ɓarawo a gaban mutane ɗari. Uwarsa ta daina cin abinci, tana cewa ita ta kashe masa suna da hannunta. Sa hannu kawai nake roƙo.”

Na ce ya bar takardar zan duba. Kafin ya fita ya tsaya ya dube ni, ya daɗe, ya ce an gaya masa wani daga cikin 'yan kallo ne ya kai maganar wurin alƙalai, amma ba a faɗa masa ko wane ne ba. Ya faɗa ne kawai, ko kuwa ya sani yana gwada ni? Tun ranar nake juya wannan kallon.

Takardar da Turanci take, ni kuwa ajin yamma yarenmu na Marathi ya koya mini. Amma na iya gane sunan Ketaki, kuma na ƙirga shi sau uku a ciki. Me sunan jikata yake yi har sau uku a takardar roƙon afuwar wani? Malaminmu na ajin yamma yakan ce, an koya muku karatu ne don ku daina dangwala yatsa a abin da ba ku san cikinsa ba. Ina tsoron tarko ne. Ina tsoron in sa hannu kwamiti ya ce, to tunda laifi ɗaya ne, hukunci ma ɗaya, a karɓe kofin, a soke tafiyar. Kuma ba na iya kai wa maƙwabci ya karanta mini, domin kafin azahar gidan nan kaf zai ji.

Shi ma yaron ban gama yarda da shi ba. Wasa takwas ya buga kafin ya iso ga Ketaki, yana cuɗa katin nan da hannunsa, a ce bai ga rawaya a kan huɗun da ya fi so ba? Kuma na ga yana leƙa saman katin kafin ya yanke shawarar abin da zai buga. Na rantse na gani. Sai dai in na tsaya da gaskiya, Ketaki ma ba ta ga nata tabon ba sai da alƙali ya nuna mata, kuma duk yaran nan haka suke zura wa katinsu ido kamar zai yi musu magana. Ita uwar kuma, me ya sa daga cikin sittin ta tsinci waɗannan huɗun daidai? Na yi wa Sulabha wannan tambayar, ta ce:

“Kai dai! Wace uwa ce za ta bar masu ƙyalli ta sa wa mummuna albarka? Ɗanta ya nuna mata su sau dubu. Kai da ka taɓa na sama, ai ƙyuya ce ta hana ka tonawa.”

Wataƙila tana da gaskiya. Amma ai mai maguɗi ma waɗannan huɗun zai zaɓa, kuma in yana da wayo, satin Dasara zai zaɓa ya yi, don in an kama shi ya ce uwarsa ce.

Sannan ga Dinshaw. A shagon da Ketaki take zuwa wasa kowace Asabar yake shan shayi, na gan shi can fiye da sau biyar, yana kiran ta da sunanta. Tanmay kuwa ɗan wani shago ne daban, kuma na ji an ce bara ya ɗaga wa Dinshaw murya a kan wani hukunci. To wa ya san abin da ke cikin zuciyar mutum? Kurkum ɗaya, biki ɗaya, gasa ɗaya, alƙali ɗaya. Wannan an ce mata canza riga, wancan an ce masa fita. In son kai aka yi wa jikata, to kofin nan na wane ne? Ni da na yi shekaru ina ganin yadda mai duba yadi yake kau da kai ga aikin ɗan ƙauyensu, ya yanke wa wani kuɗin rabin yini a kan zare ɗaya, ba zan ce ban san irin wannan ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ita Ketaki. Ba ta fito da kofin daga jaka ba, ni na fito da shi na goge. Shekaranjiya tana cin abinci ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

“Ajoba, duk wanda ya kai ƙarar nan ya sace mini wasana. Hanyar ci tana hannuna, bugu biyu ya rage in gama da shi. Yanzu a shago ana cewa alƙali ne ya ci mini.”

Ashe jan kunnen nan tunani take yi, ba tsoro ba. Na kasa ƙarasa abincina. Har na fara tunanin ko ita ma ta sani, ko ta gan ni lokacin da na zagaya, tana jira ne ta ga ko zan faɗa da bakina.

In na rubuta wa kwamiti gaskiya, dole in ce ni na kai maganar, domin ba zan iya ba da shaidar abin da na gani in ɓoye inda na kai shi ba. Ketaki za ta ji. Kofin ma yana iya tafiya. In na yi shiru, yaron mutane zai ɗauki sunan ɓarawo, wataƙila a kan abin da ni ma na aikata da yatsana. In kuma da gaske maguɗi ya yi, na jefa tafiyar jikata cikin haɗari saboda maƙaryaci. Tai, hukuncin nan adalci ne? In sa hannu ko kada in sa? Kwana goma suka rage.

Duk da haka, kofin yana nan, kuma ba a taɓa shigo da irinsa gidan nan ba. Na ɗora shi a kan kabad, inda hasken taga yake sauka a kansa da safe. Ke da masu karatunki duka ku zo ku gani. Lalbaug, bayan tsohuwar masaƙa, hawa na uku, ku tambayi ɗakin kakan yarinyar kati. Akwai shayi, kuma Sulabha ba ta barin baƙo ya tafi baki bushe. Ku zo tun yana nan.

Kakan mai kofi, Lalbaug

*

Ajoba, ina taya ka murna, ina kuma taya Ketaki. Yarinyar da ta ratsa mutum ɗari da ashirin ta kai teburin ƙarshe ba alƙali ne ya kai ta can ba, kuma wannan ba wanda zai iya karɓe mata shi.

Yanzu bari mu ware zaren, domin ka haɗa abubuwa da yawa ka ɗaure wuri ɗaya.

Ka ce laifi ɗaya ne aka yi masa hukunci biyu. A nan ban bi ka ba. Na tambayi wata da ta daɗe tana alƙalancin irin waɗannan gasa, ba tare da na ambaci suna ba, kuma abin da ta gaya mini ya shiga hankali. Alƙali ba launin tabon yake dubawa ba, yana duba ko tabon zai iya amfanar mai katin. Ɗigo ɗaya a kan katin da ba shi da wani ƙarfi bai gaya wa Ketaki komai ba, shi ya sa aka yi mata gargaɗi. Tabo a kan huɗu mafiya ƙarfi kuwa yana iya nuna wa mai wasa lokacin da makaminsa yake sama, ko da gangan aka sa ko ba da gangan ba. Duk alƙalin da ya ga haka a wasan ƙarshe dole ya tsayar da wasa ya ɗauki mataki mai nauyi. Saboda haka bambancin da aka yi tsakaninsu yana da tushe. Shan shayi a shago ɗaya ba hujja ba ce, kuma labarin ɗaga murya na bara ji ka yi, ba gani ba. Ka sauke Dinshaw daga zuciyarka, sai in ka sami abin da ya fi wannan.

Amma akwai inda nake tare da Parab, mahaifin yaron. Tsayar da wasa abu ɗaya ne, kiran mutum mai maguɗi da hana shi wasa shekara guda wani abu ne daban. Na farkon yana kare gasa. Na biyun yana cewa an shiga zuciyar yaron an ga ya yi niyya. A cikin minti ashirin, a tsakiyar hayaniya, da yaro yana kuka, ba kowa ne zai iya gano niyya ba, kuma kuskure a nan yana bin matashi shekaru bayan an manta wa ya ci kofi. Shi ya sa aka sa kwamiti ya sake dubawa a natse. Kwamitin yana bukatar duk abin da zai taimaka masa, kuma wani yanki na wannan yana hannunka.

Ka kai maganar tabon, kuma kai ta ba laifi ba ne. Duk ɗan kallon da ya ga irin wannan ya kamata ya faɗa. Inda ka kauce shi ne ka ba da rabin abin da ka sani ka riƙe rabi, kuma ka san dalilin da ya sa ka riƙe. Da ka ƙara kalma biyar, ka ce kamar kurkum ɗin Dasara ne, irin wanda kai ma ka sa, da alƙalai sun shiga maganar da wani ido. Ka lura kuwa tun daga ranar ka zargi yaron, ka zargi uwarsa, ka zargi ubansa, ka zargi alƙali, har jikarka ka fara yi wa kallon wadda take gwada ka? Mai kaza a aljihu ba ya jimirin “as”. Ba na jin mutanen nan duka sun haɗa maka baki. Abin da ka riƙe ne yake sa kowane kallo ya zame maka tambaya.

Kada ka sa hannu a takardar Parab. Ba don ina ganin tarko ce ba. Mai yiwuwa sunan Ketaki ya fito sau uku ne kawai don a kwatanta hukuncin biyu, abin da kowane uba zai yi. Amma kalmominsa ne, ba naka ba, kuma ba ka san iyakar abin da suka ɗora maka ba. Ka mayar masa da ita cikin mutunci, ka ce za ka rubuta taka.

Ka rubuta da Marathi, da hannunka, gajeriya. Ka faɗi abin da ka yi ranar Dasara da dalilinsa. Ka faɗi cewa kai ka ga tabon a katin Tanmay, kai ka sanar, kuma a idonka ya yi kama da wanda ka sa. Ka faɗi cewa ka ga yana duban saman katinsa, ka kuma faɗi cewa sauran yaran ma haka suke yi. Kada ka rubuta cewa ba shi da laifi, domin ba ka sani ba. Kada ka rubuta cewa yana da shi, domin wannan ma ba ka sani ba. Kai shaida ne, auna niyya aikin kwamiti ne. In maguɗi ya yi, takardarka ba za ta wanke shi ba. In bai yi ba, tana iya zama abin da zai raba shi da mummunan suna.

Batun kofi, ba zan yi maka alkawarin abin da ba a hannuna yake ba. Abin da zan ce shi ne, tabon Ketaki ba sirri ba ne. Alƙali ya gani, ya yanke hukunci, ya rubuta, ta buga sauran wasanninta da sabbin riguna. Takardarka ba za ta gaya wa kwamiti wani sabon abu a kanta ba. Wadda na tambaya ta ce da wuya a sake buɗe maganar da aka rufe a ranar, kuma ko an sassauta wa yaron, abin da ake dubawa yanzu shi ne hanin shekara guda, ba wanda ya ci gasa ba. Haɗarin bai kai yadda tsoro yake nuna maka ba, amma ba zan ce babu shi sam ba. In kana son ka natsu, ka sa ɗanka ya tambayi masu shirya gasar kai tsaye.

Sai dai kafin alƙalami, kafin Parab, kafin kowa, Ketaki. Kofin nata ne, tafiyar tata ce, bai kamata ta ji wannan daga bakin kwamiti ko daga 'yan shago ba. Ka zaunar da ita ku biyu, ka faɗa mata a taƙaice. Kada ka fara da cewa don ita ka yi, ta riga ta san wannan, kuma shi ne zai fi ɓata mata rai. Ka ce ka ji tsoro, ba ka yarda za ta iya fita da kanta ba, ka yi kuskure. Za ta yi fushi, tana da haƙƙin yin sa, wataƙila ta kwana biyu ba ta yi maka magana ba. Ka jure, kada ka aika Sulabha ta roƙar maka. In ta huce, ka nuna mata abin da ka rubuta, ka ce kana son aikawa, ka saurari abin da za ta ce. Yarinyar da ta ƙi fito da kofi daga jaka don tana ganin ba a bar ta ta ci shi da hannunta ba, ina kyautata zaton ba za ta so a riƙe mata shi da shirunka ba.

Kwana goma sun isa, amma kada ka kai su ƙarshe. Ka yi maganar a wannan makon. Ina yi wa Ketaki fatan tafiya lafiya da hannu mai sa'a, ina yi wa gidan Parab fatan a saurare su da adalci, kai kuma ina yi maka fatan ƙarfin zuciyar da za ka buɗe baki da shi a gabanta.

Vasudha-tai